Ranar da Aka Auna Tasi'u

Ni tela ne a Rafindadi.
Shekara ashirin da shida tef na rataye a wuyana,
na auna kafaɗar ango, na auna tumbin ɗan kasuwa,
ban taɓa jin tsoron lamba ba
sai Talatar nan.

Tasi'u ya sa rigar sallarsa ta bara,
maɓallin farko a ramin na biyu.
Na kai hannu zan gyara, sai na fasa.
Napep ta sauke mu a bakin asibiti.
Kati, layi, benci mai sanyi.
Wata tsohuwa daga Ɓatagarawa ta ba shi ƙuliƙuli,
ya ce mata na gode har sau uku.

Shekararsa goma sha ɗaya,
aji uku ya riƙe shi kamar ƙaya ta riƙe bakin riga.
Malama Haulatu ce ta ce mu kawo shi,
ta faɗa a hankali, tana kallon takalminta.
Kafin ita an ce iska, an ce baki, an ce taurin kai.
Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi,
ni kuma, Allah ya yafe mini,
na sa bulala.

Likitar ta zube 'yan katakai a tebur, ja da fari.
Tasi'u, gina mini irin wannan.
Ya juya su, ya sake juyawa,
harshe a waje,
kamar in yana zura mini zare a allura.
Agogonta na tafiya.
Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya
don kada su taimaka.

Me ya haɗa lemo da mangwaro?
Ya ce, Inna na son su.
Ta rubuta wani abu.
In ka sayi biredin ɗari uku, ka ba da ɗari biyar?
Ya dube ni.
Na dubi fanka.

Sai ta juyo kaina.
Yaushe ya fara tafiya? Yaushe ya ce Baba?
Yana wanka da kansa? Ya yi kuka da aka haife shi?
Na haddace faɗin ƙirjin rabin unguwarmu,
wannan kuwa sai da na buga wa uwarsa waya.
Ta ce bai yi kuka ba.
Ta ce ya daɗe shiru a hannun ungozoma.
Ban sani ba. Ina shago ranar, ɗinki ya yi yawa.

Babu wanda ya tambayi tattabarunsa.
Goma sha tara ne, ba ya iya ƙirga su,
amma in magariba ta yi
ya san wadda ba ta dawo ba, ya san sunanta,
ba zai ci tuwo ba sai ta sauka.
Na faɗa mata, muryata na rawa.
Ta buɗe sabon shafi. Ta ce, wannan ma a rubuta.

Bayan azahar ta kira abin da sunansa:
naƙasar fahimta.
Babu allura, babu ƙwaya.
Zai koya, in ji ta, amma da nasa takun,
a gutsura masa karatu kamar lomar yaro.
Kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro.
Na ce, to awon nan na mene ne, tunda ba magani?
Ta dubi tef ɗin da na manta ban cire ba.
Kai in ka auna mutum, me kake yi da lambar?

Ban amsa ba.

A hanya, dab da Ƙofar Ƙaura,
ya ja hannun rigata.
Baba, na ci?
Takardar na aljihuna, ninki huɗu,
tana ɗumi kamar sabon guga.
Na ce wa mai napep ya tsaya wurin masu hatsi.
Mudu ɗaya na gero.
Na ba Tasi'u kuɗin ya miƙa da kansa,
na tsaya a gefensa
muna jiran canji.