Naira Ɗari-Ɗari

Sati uku ina tara kuɗi a gwangwanin madara,
ɗari-ɗari, wasu da maiƙon ƙuli-ƙuli,
wasu an ƙulle su a bakin zane har sun yi laushi.
Aji huɗu, firamaren bayan kasuwar Jega,
yara sittin da bakwai,
kuma ni na jajibo wa kaina wannan kaya:
ranar rufe makaranta sai sun taka rawa.

Hedimasta ya leƙo ni ta saman tabarau.
"Malama Lantana, kiɗa cikin aji?
In iyaye sun taso, ke za ki tare ƙofa."
Muka yi ciniki kamar na buhun albasa:
a fara bayan azahar, a tashi kafin la'asar,
mata ta tagar gabas, maza ta yamma,
kowace waƙa sai ta bi ta kunnensa.
Ya soke tara. Ya bar mini huɗu.

Na aro lasifikar Nafi'u mai cajin waya,
wadda sai ta yi tari kafin ta yi magana.
Na aro janareta gun mai injin niƙa,
lita biyu ta lashe rabin gwangwani.
Uwar Shafa'atu ta kwana kan tukunyar zoɓo.
Balan-balan talatin na hura da bakina,
sha ɗaya suka fashe ba a ko buɗe ƙofa ba.

Muka tura benci jikin bango,
muka yayyafa ruwa kan fasasshen siminti.
Suka shigo da kayan Sallar bara,
wando ya ɗage, takalmi ya matse,
kwalli har kunne.

Kiɗa ya tashi.
Ba wanda ya motsa.
Kowa ya manne da bango kamar ranar allura,
yana jiran wani ya fara jin kunyar.
Waƙa ta ɗaya ta wuce a banza.
Tsakiyar ta biyu janareta ya shaƙe,
ya yi atishawa sau uku, ya yi shiru.
Wutar Nepa kuwa, rabonmu da ita tun Talata.

Na ja igiya har kafaɗata ta amsa.
Na tsaya da baƙin mai a tafin hannu,
ina lissafin fuskar kowace uwa
da ta ba ni ɗarin cefanenta.

Sai na ji dum. Na ji dum-dum.

Rilwanu ne, na bencin baya,
wanda shekara guda ban san muryarsa ba.
Ya kife bokitin zoɓo tsakanin gwiwoyinsa,
yatsunsa na gudu kamar ruwan Agusta kan kwano.
Kulu ta tafa. Ige ta karɓa.
Layin gabas ya zama da'irar gaɗa,
layin yamma ya mai da kowane tebur ganga.
Ƙurar alli ta sauko daga allo
ta shiga rawar ita ma.

Wata uwa da ta zo ɗaukar ɗanta da faɗa
ta tsaya a taga,
goyon bayanta na tsalle, ita ba ta sani ba.
Hedimasta na ƙofa, ya haɗe gira,
amma na ga babban yatsansa cikin silifa
yana bin bokiti.

Ladan ya kira, muka tsaya cak, kamar yadda aka yi alkawari.

Yanzu ajin ya koma aji.
Na share fatun balan-balan da ledojin cincin.
Saura naira ɗari da hamsin a gwangwani.
Katin sakamakon Rilwanu na kan tebur,
na sittin da biyar,
ga rubutuna na safe da jan biro:
"Ba ya magana a aji."

Na daɗe ina kallon layin.
Na jawo biron, na buɗe murfi da haƙori.