Tagar da Ke Tambaya

Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
ya zauna a yatsuna kamar shi ke biyan haya.
Ofishinmu na hawa na biyu, bayan Taminus,
inda hayaniyar 'yan keke ke hawo bene ba sallama.

Madam Kaneng ta ce: fayil dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya,
takardun 'yan fansho, a sauke su kafin Juma'a.
Ta bar mini gyaɗa a ƙunshin jarida, ta tafi taro.

Na danna na farko.
Wata 'yar taga ta ɓullo tsakiyar allo:
A buɗe, ko a ajiye?
Na ce a ajiye.
A ina?
Na nuna mata.
Na danna na biyu, ta dawo
da fuskar wadda ba ta taɓa ganina ba.
A buɗe, ko a ajiye?
Ke! Ba yanzu muka rabu ba?

Kafin la'asar na yi ɗari da tamanin,
wuyan hannuna na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Na buga lissafi a bayan ambulan:
Juma'a uku ma ba za ta ishe ni ba.

Da daddare na rubuta ɗan aike,
layi talatin da bakwai, shayi kofi biyu.
Na ce masa: shiga shafi, bi sunaye, danna.
Ya shiga, ya bi, ya danna,
ya tsaya cak.
Ashe tagar ba 'yar gidan shafin ba ce,
daga cikin na'ura take leƙowa;
yana tsaye a gabanta, bai gan ta ba.

Na ce to, ƙirga daƙiƙa biyu, ka buga maɓalli a makance.
Sau tara ya dace.
Na goma intanet ta yi nawa,
ya mari iska.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na gane
ba a jayayya da mai gadi, wajen maigida ake zuwa.
Na shiga saitin burauza, can ƙurya,
na rubuta: ga jaka, ga hanya,
in irin wannan takarda ce, kada a ƙara tambaya.

Laraba da safe
fayiloli suka yi ta zuba kamar an gyara famfon unguwa.
Na naɗe hannu cikin rigar sanyi, ina ɓare gyaɗa,
sunaye na gudu a baƙin allo:
Chollom, Lantana, Gyang, Tanimu, Nanret,
kowa da shekara talatin da biyar ɗinsa
cikin ƙiftawar ido.

Dubu biyu da ɗari shida da bakwai:
Inuwa Barau, mai kula da injin ruwa, Bukuru.

Ya wuce.
Kafin gyaɗar ta kai bakina ya wuce,
wani Istifanus ya hau kansa, wata Kyauta ta hau.
Damina uku ke nan da muka kai shi makwanci,
takardar nan ce ya yi ta hawa bene dominta
da gwiwar da ba ta son bene.
Babu wanda ya tsaya.
Ni na hana a tsaya.

Alhamis da hantsi aiki ya kammala.
Madam ta ce in koya wa na ofishin ƙasa.
Na ce to.

Da kowa ya watse, janareta kaɗai ke magana,
na koma ƙuryar nan na goge layin.
Na nemo lambarsa da hannuna, na danna.

Ta fito, kamar ba a taɓa korar ta ba.
A buɗe, ko a ajiye?

Na daɗe, yatsana a kan linzami.
Ba ta ƙosa ba.
A duk ginin nan ita kaɗai ta iya jira.

Na ce a buɗe.

Hularsa ta karkace hagu, yadda ya saba.
A ƙasa, inda aka ce sa hannu,
babban yatsansa ne, tawada ta yi yawa,
ta ɗan malala gefe.