Idon Tela a Seoul

Yadi na zo saye, ba kallo ba,
amma ido ba ya jin kwaɓa,
balle idon tela.

Sanyin garin nan ba ya sallama.
A bakin tasha ya tare ni,
ya laluba aljihuna, ya ciji kunnena,
ya ƙirga haƙorana ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga su suna ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa,
baƙaƙen riguna masu kumburi, daga wuya har ƙwauri,
ɗinki a kwance, layi-layi, kamar kunyar gona.
Ka rantse katifu ne suka yi ƙafa
suka fito neman na kansu.
Mutum ɗari, riga ɗaya.
Ba anko aka yi ba, ba biki ake ba,
Litinin ce kawai.

Wata ta wuce ni a Seongsu,
hular ulu ta haɗiye kai da wuya,
fuska kaɗai ta bari a waje.
Jan mayafi ya zagaye ta sau uku,
ragowarsa na bin ta a baya kamar bashi.
Na duba ƙasa: tsakanin wando da takalmi
faɗin yatsa uku na fata a buɗe.
Ta fitar wa sanyi zakkarsa.
A hannunta kuwa kofi ne da ƙanƙara a ciki,
tana kurɓa, tana karkarwa, tana dariya.
Ado, ba ka da tausayi.

Har itatuwan titi an saƙa musu riga.
Har wani kare na gani da jaket mai zif,
ya dube ni sama da ƙasa,
ya san ya fi ni shiri.

Rana ta uku na ɓata hanya,
na faɗa Dongmyo, kasuwar gwanjo.
Tufafi tsibi-tsibi a ƙasa,
samari durƙushe suna tono kamar masu haƙar gyaɗa.
Mai kayan, tsoho Bang Deok-chil,
yana zaune a kan akwatin roba:
koriyar hula, jaket ruwan goro,
falmaran mai aljihu takwas a samanta,
safa ta haɗiye ƙafar wando.
Babu kala biyu da suka gaisa a jikinsa.

Shi samarin suke ɗauka hoto.
Shi suke kwaikwayo.

Ya yi magana a wayarsa, ta juya mini:
“Tun ba a haifi ubansu ba haka nake sawa.
Sanyi nake gudu.
Su suka ce yayi ne.”

Yayi ai ƙafar keken ɗinki ce, baba,
inda ta tashi nan take komowa.

Na ciro wani kwat daga ƙasan tsibi,
na juya cikinsa, halin tela.
Ɗinkin hannu ne, ƙanana, a jere kamar tururuwa,
a hammata an yi faci da zare wani launi.
Wani ya zauna da fitila a kan wannan,
wani da ba zan san sunansa ba.
Na daɗe riƙe da shi.

Tsohon ya ga yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.
Ya zaro 'yar jaka daga aljihu na biyar,
ya girgiza ta, ya damƙa mini.
Ta yi ɗumi a tafina kamar ɗan tsako.

Na biya, na ɗora kwat ɗin kan doguwar rigata,
shaddar tana leƙowa ta ƙasa, aikin wuyan ta sama,
hannun ya wuce nawa da taƙi guda.
Ko taku goma ban yi ba
wani yaro mai ɗan kunne ya sha gabana,
ya rusuna, ya ɗaga kyamara.

Na gyara tsayuwa.
Yadin kuma sai gobe.