Benci na Ashirin da Ɗaya

Fasto ya ce benci ashirin.
Na lissafa katako, ashirin ɗin ma da ƙyar,
ga ƙusa ta hau a kasuwar Dole.
Na ce to.

Tun shekarar da wuta ta ci namu na dā
a tabarma muke zama, gwiwoyi na ƙara.
Tsohuwa Tabita kuwa da kujerarta a ka
take tahowa tun daga Zango.

Ran Laraba ina goge katako
sai inuwa ta tsaya bakin rumfa.
Ban ɗaga kai ba, na san tsayuwar.
Shekara huɗu yana riƙe mini katako ina yanka,
ni na koya masa jin ƙusa da kunne,
ko ta zauna ko ta karkace.
Ni kuma na gan shi ran nan a cikin taro
da jarka a hannu.
Ba ta ruwa ba.

Daga gidan kaso ya fito, wuya kamar kara.
Ya ce, Baba Barnaba, da aiki?

Ni da ke gaya wa yara kowace Lahadi
jinƙan Allah na kowa ne,
sai kalmar ta tokare mini maƙoshi
kamar ƙwallon goruba.
Kowa? Har da Lawali?
Na ce ya dawo gobe, don dai ya tafi.

Da dare na hau duwatsun Birni,
dutsen bai huce daga zafin rana ba.
Ga gari shimfiɗe: Kara-Kara, Sabon Gari,
bariki, asibiti, layin jarkoki a bakin famfo
suna kwanan jiran ruwan da bai yi alkawari ba.
Na fara rabon jinƙai kamar ni aka ba buhun:
wannan gida a zuba, wancan a tsallake.
Ban yi nisa ba na iso ƙofata.

Akwai wata gwauruwa a Garin Malam,
na sayar mata ƙyaure da gara ta ci cikinsa,
na toshe ramukan da gari, na shafa fenti.
Ta yi mini godiya har da addu'a.
Ta rasu ban faɗa mata ba.
In da mitar da nake auna Lawali za a auna ni,
ko ƙafar kujera ba zan kai ba.

Na sha yin gicciye, manya da ƙanana.
Na tsayen ba ya ba ni wahala.
Na kwancen ne kullum nake tsayawa da zarto
ina tunanin inda zan yanke.
Hannuwan da Yesu ya miƙe a kai
ba su nuna mini iyaka ba.
Ni ke yankewa, don katakona ya ƙare.

Da safe ya dawo.
Na miƙa masa zarto, ban ce komai ba.

Da muka gama ashirin, guntaye suka saura.
Shi ya tattara su, ya haɗa, ya dasa ƙafafu,
fari da ja, wani ma da tabon wuta,
benci mai faci kamar rigar mahaukaci.
Ba wanda ya biya shi. Muka aje bakin ƙofa, daga waje.

Cima mai fura takan huta a kai.
Wani dattijo da cuta ta cinye wa yatsu
yakan zauna ya ji waƙa ta taga.
Lawali bai taɓa zama ba.
In an kira salla yakan aje guduma ya tafi,
ni ma ban tambaye shi komai ba.

Ba zan yi ƙarya ba, Ya Ubangiji,
in na ji warin fetur har yau cikina na juyawa,
gafarata guntuwa ce, ka san tsawonta.
Ka ƙara da taka.
Bencin dai yana nan,
na gwada shi, yana ɗaukar mai nauyi.