Injin da Aune Ta Zaɓa

A ɗakin ƙasa, unguwar Pispala, birnin Tampere,
Veikko ya durƙusa gaban injin wanki
wanda ya girmi 'yarsa da shekara biyu.
Ƙanƙara ta rufe rabin taga.

Wanki kam yana yi.
Ya sha ruwa, ya juya hagu, ya juya dama,
famfo ya zuƙe, tiyo ya amayar.
Amma in aka zo gudun ƙarshe,
gudun nan mai sa kofuna rawa a bene,
sai ganga ta yi juyi uku a kasalance,
ta ja tsaki, ta tsaya.
Riguna su fito sharkaf.

Bel ya fara zargi.
Ya danna da babban yatsa, ga shi tamau.
Ya zaro gawayin moto, da sauransu, ba su cinye ba.
Kwandansa fa? Allurar mita ta harba, ta dawo.
Kofinsa ya huce a kan akwatin sifana.

Sirkka ta leƙo daga matakala:
"Kwana uku ke nan. Sayi sabo ka huta."
Bai ɗago ba.
"Aune ce ta zaɓe shi," ya ce da sukurun da ke haƙoransa.

A bayan murfi ya ga taswirar wayoyi,
takarda ta yi ruwan ƙasa, ɓera ya ci kusurwa.
Ya bi jan layi da tocila
har wani makunni mai faɗin marfin kwalba,
siririn tiyo na rataye a gindinsa.
Ya cire, ya sa baki, ya hura.
Kumatu suka cika. Iska ta ƙi wucewa.

Ashe daskararren sabulu ne, na shekara da shekaru,
ya toshe hanya,
yake ta gaya wa inji ruwa na nan har wuya.
Wa zai yi gudu da cikakken ciki?

Ya hau bene, ya buɗe kwandon da ya daɗe bai taɓa ba,
ya zaro allurar saƙa daga safar da ba a gama ba.
Ya tsokale. Dauɗa ta fito, toka-toka, tana wari.

Ya mayar, ya murɗa.
Ƙas.
Gurnani, sai kuwwa, sai ganga ta ɓace wa ido.
Ya ɗora tafi a kan murfi, hannu na kakkarwa har kafaɗa.
Can sama kofuna suka soma,
har da wanda ba a shan komai da shi yanzu.