Kwat Ɗin Fintan

Sau shida na rage wa kwat ɗin nan ƙugu.
Ni ne telan 'yan fim, shagona yana Gangare.
Littafin awo na nan, ɓera ya ci gefensa
amma ya bar mini layin farko:
Fintan, mutumin Ailan, ƙirji arba'in da huɗu.

Da ruwan Agusta ya shigo Jos, wai mako shida,
za a ɗauki fim a kan kuza.
Masu kuɗin suka sulale, kyamara ta koma Ikko.
Shi kuwa ya tsaya bakin kududdufi a Bukur
yana kallon gajimare na kwanciya kan duwatsu,
ya ce, "Ai wannan garinmu ne, teku kawai aka sace."

A can, in ji shi, shekara ashirin ya yi kan dandamali:
ya riƙe mashi a bayan sarki,
ya kawo wasiƙa, ya kwanta a matsayin gawa.
Sau ɗaya fuskarsa ta cika allon silima.
Uwarsa ta sunkuya ɗaukar jakarta,
kafin ta ɗago, ya wuce.

Nan kuwa fatarsa ce takardar neman aiki.
Ana son Di'o? A kira Fintan.
Manajan kuza mai bulala? Fintan.
Sallau darakta ya daka tsawa,
"Ɗaure fuska mana, kai ne Ingila!"
Ya yi dariya har haƙorin robarsa ya motsa.
"Ni? Harajin mutanen nan ya raba kakana da gona.
Ga jikansa yau yana karɓar haraji a Naraguta,
a sallame shi da tuwon acha."

A kasuwar Farar Gada, Kaneng mai dankali
tana ƙwala kira, "Airish! Airish! Bokiti ɗari biyar!"
Sai ya waiwaya, ya cire hula:
"Ga ni, Mama, amma kin karya mini farashi."

Hausarsa ta nuna, har karin magana yake jefa ni da shi.
Gaban kyamara sai a ce ya ɓata ta,
wai Bature ba ya cewa ƙarfe, sai karfe.
Yakan ɓata.
In ya dawo shago ba ya magana,
sai ya zauna kan buhun ƙyallaye
yana warware zaren da bai yi masa laifi ba.

Sau tara aka kashe shi a kwat ɗin nan,
da kibiya, da gatari, sau ɗaya da guba a shayi.
Ni nake wanke zoɓon.

Sai ga Nanret, ɗalibar makarantar fim,
ba ta son kwat, ba ta son hula.
Tsoho take so, mai gyaran rediyo,
wanda ke laluben tashar da ta daina zuwa.
Kwana uku ya yi a rumfar kwano a Tudun Wada,
da rigarsa ta gida, da muryarsa ta gida.
Har mai riƙe fitila sai da ya share ido.
Da aka je tacewa,
ashe ruwan sama kan kwano ya cinye sautin duka.
Na kalla sau biyu. Leɓe ke motsi,
ruwa ke magana.

Awo na ƙarshe: talatin da shida.
Ban faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba.
An binne shi nan, cikin jar ƙasa,
ba teku, sai duwatsu.

Jiya wani yaro ya zo hayar kwat ɗin,
sun samo sabon Bature daga Abuja.
Na laluba aljihu kafin in miƙa:
ɓarin goro ya bushe kamar tsakuwa,
da takardar layukansa,
duk inda aka buga masa k
ya bi da biro ya lanƙwasa mata kai.

Na ce wa yaron ya dawo gobe,
akwai maɓallin da ya kwance.