Hon da Tsakar Dare

Ƙarfe biyun dare a Domayo
motata ta yi hon, ba kowa ciki.
Maƙwabta suka ce a kira malam.
Na kira Yerima mai waya.

Ya zare fis ɗaya-ɗaya
kamar mai duban haƙoran akuya.
Batir lafiya. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari,
ya fito da ɗan baƙin akwati,
bakinsa duk kore.
"Damina ta bi ta gilashi," ya ce.

Wani ya iso daga Kusiri ran Talata,
daga jikin motar da ta mutu.
Sai da aka koya masa makullina
kafin ya yarda ya buɗe min ƙofa.

Har yau nakan farka ƙarfe biyu,
in kasa kunne.